Gadon da Ya Fi Ƙarfin Ɗaki

Bayan rasuwar mijinta, hayar gidansu ta gagari mai wanki, sai ta koma ɗaki ɗaya a bayan kasuwa. Kayanta duk sun shiga, ban da gadon katakon da marigayin ya ƙera da hannunsa. Faɗinsa ya kusa cinye ɗakin.

"Yaya, ko a sayar ko a raba shi biyu," in ji ƙaninta. "Wannan ɗakin ko kaza sai ta fita waje kafin ta juya."

Ta daɗe tana shafa gefen da maigidan yake kwanciya, inda katakon ya yi santsi.

"Ɗauko zarto," ta ce. "Amma gefena za ka yanke. Ka bar min nasa."