Ɗinki Ba Zare

"Taka shi, Lamine. Ba sai ka sa zare ba," in ji Baba Na Allah daga kan tabarma.

Na zauna gaban keken ɗinkinsa mai aiki da kuran, wato wutar lantarki, na taka. Allura ta yi ta hawa da sauka a banza. Kwana shida ke nan ina wannan aikin, tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa a Tasawa. Shekarar da na gudo daga lakwal, makarantar boko, a zaurensa kawai ba a kore ni ba. Ya so ya koya mini ɗinki, na yi wata biyu na tsere. Na yi kabu-kabu, na bari, na tafi Agadas, na dawo. Duk dawowar da na yi sai in tarar da shi da awo a wuya, yana cewa, "Sarkin yawo ya sauka? A zuba mashi shayi."

Ɗiyarsa Saudatu, da ke aure a Yamai, ita ta sa aka liƙa wata ƴar na'ura kusa da kontar gidan, mitar da ke auna kuran. Duk abin da ya ja kuran, firigo ne ko fanka ko keke, tana gani a salularta. Ta san halin mahaifinta, ko yana mutuwa "lafiya lau" zai ce. In ta ga keke ya tashi da hantsi, sai hankalinta ya kwanta.

"Baba, ƙarya fa muke yi mata."

"Cikinta wata takwas. So kake ta haihu cikin mota tsakanin Doso da Kwanni? Taka."

Rana ta tara, kunun da innata ta kawo masa ya kasa ɗaga kofin. Na zauna gaban keken, ƙafata a sama, ina kallonsa yana barci baki buɗe. Ban taka ba, na tashi na koma dakalin ƙofar gida. Kafin azahar salulata ta yi ƙara. Saudatu ce.

"Lamine, firigo na aiki, fanka na aiki. Ina keke?"

"Ni ke taka shi, Yaya. Baba na kwance."

"Tun yaushe?"

"Kwana tara, Yaya."

Ta ce, "Dama na ga ɗinkin ya sake. Yaushe Baba ya taɓa taka keke awa guda bai tsaya gardama da wani ba?"

Washegari da la'asar ta iso da mijinta, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Baba ya daɗe yana dubanta, sannan ya juyo gare ni.

"Kai dai ba ka taɓa gama aikin da aka sa ka ba."

"Haka ne, Baba."

"Ke kuma wa ya ce ki zo?" Yana faɗa yana riƙe da bakin zanenta, bai sake ba.

Kwana uku suka samu. Ta dama masa fura yadda marigayiya uwarta ke yi, ya sha cokali biyu ya ce yaji bai ji ba.

Ranar Laraba da hantsi aka fito da shi inuwar itacen bedi. Ina zaure na ji ta daina magana. Na leƙa. Tana yanke masa farce, hannunsa a kan cinyarta, rai ya riga ya yi halinsa. Saura yatsu biyu. Ta sunkuya ta ƙarasa su a hankali, sannan ta ɗago ta ce in kira liman.