Milimita Hamsin

…kuma ba don ta sake aunawa zai ƙaru ba. Karo na huɗu ke nan. Ta goge bakin ma'aunin da gefen rigar aiki, ta hure shi, ta sake matsa shi a jikin guntun ƙarfen. Arba'in da tara da ɗigo uku. Hamsin aka ce. Milimita hamsin ta kowane gefe, guntu ɗaya ga kowane ɗalibin ajin farko, magagari ɗaya, mako uku. Wanda nasa ya gaza da fiye da ɗigo biyu ya ci sifili, sai baɗi ya dawo ya tsaya a teburin nan tare da sababbin shiga. Saura minti arba'in a karɓi aiki.

Ɗigo bakwai... ina suke? Ga su nan a kan takalminta, baƙin gari, wani a ƙarƙashin farce.

Ba wai ba a faɗa ba. Tsohon da ke kula da ɗakin aikin, wanda ɗalibai ke kira Baba Milimita, ya faɗa tun ranar farko, hannunsa a aljihu: "In kun kai hamsin da ɗaya, ku ajiye magagari, ku je ku sha ruwa, ku dawo ku auna." Ta rubuta. Har layi ta ja a ƙasansa da jan biro. Littafin yana cikin jaka, tsaf, ko lanƙwasa babu. Hannun ne bai karanta ba.

Ranar Talata hamsin da ɗigo huɗu ne. Lafiya lau. Sai ta ɗora sukwaya, ma'aunin kusurwa, ta ɗaga wajen taga yadda aka koya musu — haske na leƙowa ta hagu, siriri kamar zare. To, a rage dama. Ta rage. Hasken ya koma dama. A rage hagu... Teburin Abba ke nan. Ƙafa ɗaya ce take rawa, ya aro zarto wajen maƙwabci, ya ce aikin minti biyar ne. Ya yanke wannan, waccan ta ɗage, ya yanke waccan. Yanzu a zaune a ƙasa Auta ke aikin gida a kansa. Umma in ta so tsokana sai ta ce, "Miƙo min teburin babban injiniya." Ashe abin a jini yake.

Injiniya. Tun ranar da sunanta ya fito a jerin waɗanda makaranta ta ɗauka ba wanda ya ƙara kiran ta da na yanka. Fanka ta mutu, Umma ta naɗe ta da tsohon zane ta ɗora a kan kwaba: a bari sai Injiniya ta zo hutu. Dutsen guga ma yana jira. Kawu kuwa ya riga ya gaya wa abokan aikinsa gada take koyon ginawa. Gada... ita da gefe huɗu na ƙarfen da bai kai tafin hannu ba suka gagare ta.

Shekara shida ita ce ta ɗaya a aji. Me ta iya, to? Ta iya zama. Ta iya yin lissafi sau uku har ya fito, ta goge, ta sake, ta goge, ta kwafe a sabuwar takarda, malam bai taɓa ganin na farkon ba. Magogi nawa ta cinye a shekara shida? Ba wanda ya taɓa tambaya. Nan kuwa na farkon shi ne na ƙarshen, shi za ta ɗauka da hannunta ta kai.

Dogo na teburin kusa ya gama nasa tun makon farko. Ubansa mai walda ne. Shi da ke bin ta da takardar lissafi yana "don Allah 'yar'uwa, daga ina wannan biyun ta fito," sai ga shi yana tura magagari kamar mai shafa mai. Ɗazu ya leƙo ma'auninta, bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya nuna ƙarƙashin tebur da haɓa: "Na 'yan bara ne a kwalin nan. Goge lambar mai shi, ki buga taki. Baba ba ya kallon nan."

Ba ya kallo. Yana can bakin ƙofa yana wasa bakin wani kurfin sassaƙa a jikin inji, ya ba su baya. Ba ya kallo, ko ya gaji da kallo ne?

Ba ta ce za ta yi ba. Sunkuyawa kawai ta yi, kamar mai gyara igiyar takalmi. Ta zaro guntu ɗaya daga kwalin. Sanyi gare shi, ya ɗan yi tsatsa a kusurwa. Hamsin da ɗigo ɗaya. Ta juya — hamsin da ɗigo ɗaya. Ta ɗaga wajen taga, ko ƙyallin haske babu. Wace ce mai shi? Ko wane ne? Wani dai da ya ajiye magagari ya je ya sha ruwa.

Ga lambar a gefe, inda ake aunawa, an buga ta da guduma ta shiga. Zurfinta zai yi ɗigo biyu. A cire biyu, saura arba'in da tara da ɗigo tara, ya wuce. Lissafin daidai yake, lissafinta kullum daidai yake. Ɗigo biyu cif, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kada hagu ta fi dama, kada hannu ya karkata, kuma a san lokacin tsayawa...

Da wane hannun?

Satar ma ashe sai wanda ya iya.

Nata a dama, da ɗuminsa har yanzu, na baƙo a hagu. Nauyinsu ɗaya a hannu, wallahi ba mai iya bambancewa. Kafaɗarta na zugi tun daga wuya. Baba Milimita ya kashe injin, ɗakin ya yi tsit, ya jawo kujera ya buɗe rajista, yana goge ma'auninsa a hankali.

"Tebur na ɗaya."

Ita ce a na uku. Fankar Umma na nan a kan kwaba cikin zane... Ta kasa tuna ko ta sha ruwa yau.