Kakin Surukata

Aikina shi ne neman masu tari. Gwamnati ta ba ni babur da 'yan robobi masu murhi, in bi garuruwan Rara da Magarya ina roƙon mutane kaki, a kai Wurno a gwada ko tarin huka ne. Abokan karatuna sun zama daraktoci.

Sai ga matata Mashkura ta dawo daga Giyawa ta ce Inna Uwaliya, mahaifiyarta, ta hi wata guda tana tari, ta rame, zuha na jiƙa mata zane.

Na tahi. Tun da na auri ɗiyarta ba mu taɓa haɗa ido ba. Na durƙusa bakin ƙohwa, ita tana bayan labule. Muka gaisa, na tambayi gero da albasa da jakin gidan. Duk tsawon gaisuwar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Danne shi ta yi, don ba a yi gaban suruki. Ni kuma da ke tsare limamai in ce su tohwa, robar ta ƙi hitowa daga aljihuna.

Mashkura ta gwada kai mata robar. Inna ta ce, "Mijinki zai ɗauki kakina bisa babur? Gara in mutu."

A kasuwa na iske Baba Sale, taubashin Inna, wanda al'ada ta ba damar gaya mata komi. Na ba shi robar. Ya shiga gidan yana ihu, ina zaure.

"Ke tsohuwa, an ce za ki mutu! Ki bar min akuyar ga."

"Mi? Kai za ka riga ni, mai baƙin haƙori."

"To tohwa nan mu gani. Halan ko kakin babu, rowa ta cinye?"

Na ji tari mai tsawo, sannan Baba Sale ya hito da robar a ruhe.

Sharaɗinta ɗaya, ban da ni a ɗauka. Baba Sale ya hau bayana riƙe da robar, muka kai asibitin Goronyo, wanda ya hi kusa da Giyawa. Ni direba ne kawai.

Gwaji ya nuna cutar. Ta hwara magani na wata shida, kyauta, an kuma gwada mutanen gidan. Baba Sale ke zuwa kullum da sahe ya ga ta haɗiye, yana zaginta tana ramawa. Makon jiya Mashkura ta ce Inna ta cinye tuwo malmala biyu.