Jif ɗin da Ta Durƙusa wa Mame Pokuwa

Ranar Alhamis da hantsi ina zaune a bakin rumfata a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ina cin dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi, sai ga Wofa Boakye mai fataucin kokon da ake yin cakulan da shi ya shigo da baƙar jif ɗinsa. Irin motocin nan ne marasa sifirin, a kan balan-balan na iska suke tsaye, ɗaya a kowace ƙafa. Gyaran irinsu ne aikina tun da na bar makaranta a aji huɗu.

"Antwi, ajiye kifin nan, gidana na ci da wuta," in ji shi.

Na jawo masa benci. Ashe ran Lahadi ya je ɗaukar surukarsa, Mame Pokuwa, a coci. Ta zauna a baya ta dama, kujerar manya, tana sallama da ƙawayenta ta taga, sai gefen ya fara sauka a hankali har taya ta kusa ɓacewa. Shi kuma bakinsa ba ya iya zama. Ya ce, "Mame, a rage fufu, motata na kuka." Mata suka kwashe da dariya. Ta fito, ta tari tasi, ta rantse ba za ta sake shiga motar ba.

"To jibi Asabar ake bikin binne yayanta a Mampong," in ji Wofa. "In ta sauka daga motar haya ni kuma na iso da wannan, dangi duka za su san akwai magana. Matata ta riga ta koma gidansu. Ta ce sai uwarta ta shiga motar nan za ta dawo."

Gareji biyu sun duba ba su ga komai ba. Masta Nimo, mai gyaran wayoyin mota da ke maƙwabtaka da ni, ya jona kwamfutarsa ya daddanna.

"Lafiyarta lau," ya ce. "Wofa, gaskiya ka faɗa, wurin faɗar ne bai dace ba."

Ni dai ba na sauri. Na ɗauki tef na auna daga tsakiyar kowace taya zuwa jikin mota, duka huɗun daidai. Na saurari kwamfureso, yana hura iska yadda ya kamata. Na kaɗa ruwan sabulu, na shiga ramin da ke ƙarƙashin motar, na shafe balan-balan ɗin baya da tiyonsa. Ko ɗigon kumfa bai tashi ba.

Na fito na ƙarasa kifina ina tunani. Robar nan naɗe take daga ƙasa kamar bakin wando. In tsaga ta ɓoye a cikin naɗin, ba za ta buɗe ba sai an danna gefen naɗin ya gusa. Mu kuwa a Magazin, da mota ta zo sai mu fitar da kowa da komai kafin mu taɓa ta. Duk wanda ya duba ta, babu kowa a ciki ya duba.

"Wofa, a kira Mame."

"Kana so ta fasa min kai?"

"Ka ce mata za a yi wa motar shari'a, ita ce alƙali."

Bayan azahar ta iso da lema da jaka a hammata. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi jif ɗin kamar yadda ake duban karen da ya taɓa cizon mutum.

"Ɗana, in don in zauna a ciki ka kira ni, ka ɓata min yini."

"A'a Mame, ga benci. Wofa ne zai zauna."

Wofa siriri ne kamar sillen kara, har iska na kaɗa rigarsa. Ya buɗe ƙofar baya ya zauna a kujerarta yana murmushi, na koma rami da kwanon sabuluna. Minti ɗaya shiru. Sai na ji wani siririn sauti, tsss, kumfa ta fara tasowa daga naɗin robar kamar ana wanki. Kwamfureso ya kama kuka yana ƙoƙarin cike gurbi, ya gaji ya yi shiru. Motar ta karkata, ta zauna daɓas.

Masta Nimo ya riƙe ciki. "Kai Wofa! Ashe kai ma kana ci a ɓoye!"

Makanikai suka taru suna ihu. Mame ba ta yi dariya ba. Ta miƙe, ta zagaya motar sau ɗaya, ta leƙa ta taga.

"Surukina, me ka ci yau?"

"Shayi kawai, Mame."

"To a rage shayi."

Ya fito ya ɗora bayan hannunsa a tafin ɗayan yana ba ta haƙuri. Ni kuma na aika aka kawo sabon balan-balan, na ɗaura, na sa su biyun suka zauna a baya tare. Mame ta yi jinkiri kaɗan kafin ta ɗaga ƙafa, amma ta shiga. Na auna. Motar ba ta sauka ko yatsa ɗaya ba.

Da ta fito sai ta nuna tsohuwar robar da na yar a ƙasa.

"Wanke min ita, ka sa min alli a kan tsagar."

"Mame, wannan shara ce."

"Asabar zan shiga motarsa mu je Mampong, 'yata kuma ta koma ɗakinta yau. Amma ran Lahadi, a ƙofar coci, shi zai riƙe wannan abu ya nuna wa ƙawayena ɗaya bayan ɗaya."

Wofa ya gyaɗa kai. Na wanke robar tas, na zagaye tsagar da alli, na sa mata a leda.