Sallamar Na Bakwai

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, damina ta riga ta ci amanar mutane, gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Ni da Hamsatu muna aiki a wata ƙungiyar agaji da ke unguwar Koira Kano a Niamey, kuma aikin namu kallo ne. Kowace babbar motar da ke kai hatsi ƙauyuka an ɗaura mata wata 'yar na'ura a ƙarƙashin kujera, balis ake ce mata, ita ke gaya wa tauraron ɗan'adam inda motar take. Mu kuma sai mu ga ɗigo yana rarrafe a kan taswira a allon kwamfuta. In injin yana aiki ɗigon kore ne, in an kashe ya koma ja. Direbobi sun tsani abin nan, har suka sa masa suna munafuka. Ban ga laifinsu ba, don ko shayi mutum ya tsaya sha sai ta kai gulma.

Mutum ɗaya ne ya ƙulla abota da munafuka, shi ne Halidu, mijin Hamsatu, mai jan mota ta bakwai. Ita Hamsatu 'yar Tahoua ce, kunya ta yi mata yawa, ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta kama sunan mijinta ba. Sai dai ta ce "na bakwai". Shi kuwa duk inda zai tashi, sai ya kunna mota ya kashe, ya sake kunnawa ya kashe, sannan ya tayar da ita da gaske. A allonmu sai ɗigon ya yi ƙifce: kore, ja, kore, ja. Sallamarsa ke nan. Ita kuma ta sunkuyar da kai ta amsa ƙasa-ƙasa, wai kada in ji. Ni da kunnena kamar na zomo. Nakan ce mata, "Soyayya har ta sama jannati, Allah ya ba mu irin taku." Gaskiya har kishi nake ji, don nawa mijin ko a ƙofar gida sallamarsa rabi ce.

Ranar da nake ba da labari tsakiyar bazara ce, irin zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa. Mota ta bakwai ta kwana a wani ƙauye bayan Filingué, inda shanu ke faɗuwa suna mutuwa a bakin rijiya. Hantsi ya yi nisa sai ɗigon ya koma kore, ya kama hanya.

Hamsatu ta ce, "Bai yi sallama ba."

Na ce, "Fushi ya yi. Ke kika zabga gishiri a miyar shekaranjiya."

Ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujerarta kusa da allon.

Akwai wani gawo a bakin titi kafin a shiga Baleyara, nan Halidu ke tsayawa Azahar duk lokacin da ya bi hanyar nan. Mutum ne da ko gobara ake yi sai ya yi salla a kan lokaci. Aka kira Azahar a masallacin unguwarmu, muka ga ɗigon ya zo daidai wurin, ya wuce bai ko rage gudu ba.

"Ba shi ke tuƙi ba, Kadi," in ji Hamsatu.

Ta kira wayarsa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ni kuma na kira Buba, dattijon direban da suke tafiya tare.

"Lafiya lau, Madam Kadi," in ji shi. "Zafi ne ya ɗan taɓa shi, shina kwance nan baya. Muna bisa hanya."

"Ba ni shi."

"Barci yake."

Na maimaita mata yadda na ji, har da ƙarin murmushi na ƙarya. Amma na san abin da mutanenmu ke iya naɗewa a cikin "ya ɗan taɓa shi".

Sauran motocin duk suna ta harkarsu a allon, babu wanda ya kalle su. A mashigar Niamey akwai shingen sojoji, kuma a wannan zamanin sukan tsare motar hatsi har direba ya manta inda za shi. A hau sama, a leƙa ƙasa, a caka buhu ko da babu komai a ciki. Ɗigon ya iso shingen, ya tsaya kamar na shan ruwa, ya wuce. Ban taɓa ganin haka ba. Na tambayi kaina me soja zai leƙa ya gani ya ja da baya, kuma ban so amsar da ta zo mini ba.

Da ɗigon ya shigo gari sai na fara surutu kamar rediyo. Na ce yanzu zai yi dama, ko ya nufo ofis ko asibiti. Ya yi hagu. Ya gangara can wajen kogi, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai, har ya shiga Gamkalley, inda Malam Isaka, yayan Halidu, yake da gida kusa da lambunsa. Nan ya tsaya, ya koma ja.

Kowa ya san ba a tunkarar mace da irin wannan labari. Gidan babba ake fara sauka, shi zai tara hankalinsa ya turo dattijai mata su zauna kusa da ita kafin a furta. Buba ya bi al'ada tsaf, bai bar komai ba. Abin da ya manta shi ne munafuka tana ƙarƙashin kujerarsa.

Hamsatu ba ta yi kuka ba. Ta kai hannu ta cire 'yan kunnenta ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye a kan tebur. Wannan ne ya ƙona mini rai, na sake kiran Buba.

"Ka ji tsoron Allah ka gaya mini gaskiya."

Ina jin salatin mata a bayansa. Ya ce, "Sai haƙuri, Madam. Muna cikin sauke buhu ya faɗi, ko shurawa bai yi ba. Don Allah kada ki faɗa mata, Malam zai aiko."

Yana cikin magana idona ya kai kan allon. Ɗigon ya koma kore. Ya yi ja. Ya sake yin kore, ya sake yin ja.

Na ce, "Buba, wa ke cikin motar?"

"Ba kowa. Shi ɗai ne, ba mu sauko da shi ba tukuna. Mi ya faru?"

"Makullin fa?"

Na ji ƙarar ƙarafa a kunnena. "Ga shi nan hannuna."

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ga rana ba ta ko faɗi ba, ga mutane suna wucewa a waje. Na juya in riƙe Hamsatu, sai na tarar ita ba ta tsorata ba. Ta gyara mayafinta, ta matso da fuskarta dab da allon, wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba.

Ta ce, "Wa alaikas salam. Ka sauka lafiya, Halidu."

Ɗigon bai sake ƙiftawa ba. Ranar ce na fara jin sunan a bakinta.