Ƙofar Baya ta Gidan Sista Saramma

Ranar da na kai Baba ganin gidan Sista Saramma ban gaya masa inda za mu ba. Cewa na yi za mu je gaida wata tsohuwar nas a bayan garin Alappuzha. Ya ɗaura farin zanensa, ya ɗauki lema, ya tambaye ni sau uku ko na kulle kaji.

Sunansa Varkey, shekararsa saba'in da tara. Ya yi shekara arba'in yana fito da kwalekwale a kogin ƙauyenmu kafin a gina gada. Ciwon mantuwa ya fara masa da kirana da sunan mahaifiyata, wadda ta rasu tun ina budurwa. Daga nan ya bar tukunya a kan wuta har ta ƙone ƙurmus. Ranar da wani direban bas ya tsinto shi a kan babban titi, ba takalmi, na san abin ya fi ƙarfina. Ina aiki a masana'antar igiyar ɓawon kwakwa daga takwas zuwa biyar, mijina direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu ba ya gida. Ƙanena Kuriakose yana Qatar, shi ya samo labarin gidan, inda ake kula da tsofaffi.

"Yaya Leelamma, kada ki gaya musu za ki zo," in ji shi a waya. "Ki faɗa musu kawai. Ki shinshina ɗakuna, ki leƙa banɗaki, ki dubi wuyan hannun tsofaffin."

"Wuyan hannu kuma?"

"Wasu wuraren ɗaure su ake yi a gado."

Da wannan maganar na hau bas, ita ce kuma ta hana ni karin kumallo.

Damina ta yi nisa, ruwa ya cika ko'ina. Gidan tsoho ne, mai rufin jan bulo, tsakanin bishiyoyin kwakwa, bayansa kuma rafi. Sista Saramma da kanta ta buɗe mana, gajeriyar mace mai furfura, hannunta duk sabulu.

"Ba ki yi waya ba," ta ce. Ta dube ni, ta dubi Baba. "Haka ya fi. Ku shigo, Baba, a hankali, matakalar da santsi."

Tsofaffi bakwai ne a gidan, masu kula da su uku: ita, da wata mai girki, da Bindu, mace ƙaƙƙarfa mai yi musu wanka. Sista ta zaunar da Baba a baranda kusa da wani tsoho mai suna Pappachan, ta sa aka kawo musu shayi da soyayyar ayaba. Baba ya karɓa yana murmushi irin na baƙo. Ni kuma ta ce in zaga duk inda nake so.

Na shinshina kamar yadda aka ce. Akwai warin fitsari, ba mai yawa ba, a ƙarƙashin warin maganin goge ƙasa. Banɗakin da ƙarafan riƙewa a bango, ɗaya yana girgiɗi. A kicin an dafa rogo da miyar kifi, na buɗe tukunya na ga kifin na gaske ne, ba kawuna ba. Hankalina ya ɗan fara kwanciya, sai na kai ɗakin ƙarshe na ga sakata a jikin ƙofar, ta waje.

Na tsaya ina kallonta. Ƙarfen ya yi sheƙi saboda yawan ja.

A cikin ɗakin wata tsohuwa ce zaune a bakin gado, siririya kamar sillen kara, gashinta a kwance. Gadon da ke kusa da nata an naɗe katifarsa. Ta yafito ni. Ina matsowa ta cafki hannuna da ƙarfin da ban zata ba.

"Wancan ubanki ne?" ta ce ƙasa-ƙasa.

"E, Inna."

"Ki tafi da shi. Ƙanwata a nan take kwana. Suka ɗauke ta da rana tsaka, suka ce za ta dawo. Kin ga katifarta. Idan na yi magana sai su rufe ni."

Na dubi wuyan hannunta. Akwai tabo baƙi-baƙi a na hagu. Na zare hannuna da ƙyar, na fito, na tarar da Sista a tsakar gida tana jera ƙwayoyin magani a ƙananan kofuna.

"Sista," na ce, "me ya sa ake kulle mutum ta waje?"

Ba ta ɗago ba sai da ta gama kofin da ke hannunta. "Kin gana da Kamalakshi ke nan. Zauna."

"A tsaye ma ina ji."

"Ƙanwarta ta rasu a asibiti wata huɗu da suka wuce. Mun gaya mata, mun kai ta jana'iza, ta manta. Kullum sai ta tashi neman ta. Idan Bindu tana yi wa wani wanka, ni kuma ina ba da magani, nakan ja sakatar na minti ashirin. Ɗanta ya sani. Ba na jin daɗinsa, amma ba zan yi miki ƙarya ba."

"Tabon hannunta fa?"

"Wurin ƙarin ruwa ne. Fatar tsoho ba ta mantuwa da allura."

Ta faɗa a natse, ba ta kau da ido ba. Amma ai wanda ya saba ƙarya ma haka yake faɗa. Ina tsaye ina neman tambaya ta gaba sai mai girki ta leƙo daga kicin.

"Sista, wa ya bar ƙofar baya a buɗe? Mai kawo kifi ne?"

Sista ta ajiye kofin. Ta nufi baranda da sauri, na bi ta. Kujeru biyu, kofunan shayi biyu, lemar Baba a jingine da bango. Babu Baba, babu Pappachan.

Ban san lokacin da na fita ta ƙofar bayan ba. Wata 'yar hanya ce ta laka tsakanin ayaba, ga sawun mutum biyu a kai, ɗaya yana jan ƙafa. Na bi ina kiran "Baba! Baba!" har na ɓullo bakin rafin. Ruwan ya taso ya shanye matakalar wanki, ja ne, yana tafe da ganyen kwakwa da ciyawa. A jikin wani turke igiya ce kawai take lilo.

"Kwalekwalen maƙwabcinmu," in ji Bindu a bayana, tana haki. "Wayyo Allah, ga su can!"

Suna tsakiyar ruwa. Baba a tsaye a bayan kwalekwalen, ya naɗe zanensa zuwa gwiwa, da doguwar gora a hannu. Pappachan na zaune a gaba, ya riƙe gefe da hannu biyu, bakinsa a buɗe. Baba, mutumin da ba ya iya ɗaura maɓallin rigarsa, ga shi yana caka gora yana turawa kamar bai taɓa bari ba. Sai dai ƙafafunsa na karkarwa, ina gani daga inda nake. Ƙasa kaɗan kuma rafin yana haɗuwa da babban kogi, inda ko samari ba sa shiga a wannan wata.

Na buɗe baki zan ƙwala ihu, Sista ta toshe mini shi da tafin hannunta. Har yanzu ina tuna ɗanɗanon sabulun.

"Idan kika firgita shi ya juyo da sauri, sun kife," ta ce a kunnena. "Me yake yi da, kafin ya tsufa?"

"Fito," na ce. "Mai fito ne."

"Me mutane ke kiransa?"

"Varkey mai jirgi."

Ta sake ni. Ta gyara sari, dogon zanen da ke jikinta, ta tattare shi, ta taka cikin ruwan har ƙauri. Ta ɗaga hannu ɗaya, ta ja murya irin ta matan da ke jiran fito da safe.

"Kai, Varkey mai jirgi! Haka ake yi? Ka tafi ka bar mutane a tsaye?"

Baba bai juyo ba. Kwalekwalen ya ci gaba da gangarawa. Na durƙusa a cikin laka, ina kiran sunan Ubangiji ba tare da sauti ba.

"Varkey! Da mai ciki a nan, asibiti za mu! Ko sai ta haihu a bakin ruwa?"

Gorar ta tsaya. Baba ya waiwayo a hankali, ya kare ido da hannu.

"Ku mata ba ku taɓa zuwa a kan lokaci!" ya yi tsawa. Rabon da in ji wannan muryar tun ina 'yar makaranta. "Ku tsaya nan, kada wadda ta shigo ruwa!"

Ya caka gorar ta gefe. Kwalekwalen ya juya, ruwa ya buge shi a ciki, ya karkata har na ga ruwa ya shiga ta baki. Pappachan ya saki ƙara. Baba ya tangaɗa, gwiwarsa ɗaya ta kai ƙasa, amma bai saki gorar ba. Ya miƙe. Ya turo, ya sake turowa. Ban san minti nawa aka yi ba. Sun fito ƙasa da inda muke da kamar taku talatin, cikin ciyawa, Bindu ta faɗa ruwa har ƙugu ta kama bakin kwalekwalen.

Da na isa, Baba na zaune a ciki yana numfashi sama-sama, gwiwarsa na jini. Ya dube ni, ya dubi gorar, ya dubi ruwan.

"Leelamma," ya ce, "ina ne nan? Wa ya kawo ni?"

Sai ya fara kuka, ni ma na fara.

Sista ta wanke masa ciwon da kanta a baranda, ta sa aka canza wa Pappachan kaya. Shi Pappachan da ya dawo hayyacinsa cewa ya yi, "Wannan ɗan banzan ya ce zai kai ni kasuwa in sayi taba." Ba wanda ya yi dariya sai mai girki.

Da ta gama, Sista ta zauna kusa da ni a kan dakali.

"Laifina ne," ta ce. "Ƙofar nan kwaɗonta ya lalace tun makon jiya, nake ta cewa gobe. Da sun nutse, da ni na kashe su. Idan kin tafi ba ki dawo ba, ba zan ga laifinki ba."

"Da a gida ne fa," na ce, "wa zai kira shi?"

Ba ita nake tambaya ba.

A bas Baba ya yi barci a kafaɗata. Na kira Kuriakose na gaya masa komai, har sakatar, har tabon. Ya ce, "To ke me kika gani, Yaya?" Na ce na ga mace da ta bar ƙofa a buɗe, na kuma ga mace da ta dawo da shi, kuma duk mutum ɗaya ce. Ya ce in duba wani gidan. Na duba biyu. Ɗaya ya fi tsafta, amma tsofaffin na zaune a jere gaban talabijin, ba mai motsi, kamar an ba su wani abu. A ɗayan ba a bar ni na wuce ofis ba.

Bayan sati uku na mayar da Baba wurin Sista Saramma, da akwatinsa da hoton mahaifiyata. An sa sabon kwaɗo, an ja shingen waya a bakin rafin. Na sa ta yi mini alkawari ba za a ja masa sakata ba sai an kira ni. Ta ce za ta kira, amma ba ta yi alkawarin ba za ta ja ba. Da zan tafi ya riƙe gefen sarina ya ce in jira shi ya ɗauko takalmi. Bindu ta ja hankalinsa da shayi, na sulale kamar ɓarauniya.

Wata biyar ke nan. Ina zuwa sau biyu a mako, ba na faɗin rana. Nakan tafi da man kwakwa in ce zan shafa masa, don in ga bayansa da hannuwansa. Ya yi ƙiba kaɗan. Sau ɗaya na ga kumburi a damtsensa, Sista ta ce gefen gado ya buga. Wataƙila haka ne. Na tambaye shi, ya ce kifi ne ya cije shi.

A wurin aiki, idan wayata ta yi ƙara, sai na kashe injin na goge hannu na zauna tukuna, sannan nake duba sunan mai kira.