Tsinken Awon Ƙafa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, domin har yau Kawu bai huce ba, in kuma ya ji na ba da labarin sai ya ƙara wata guda yana fushi. Amma abin ya tsaya mini a rai.

Yayata ce ke yi mana sayayyar hutun ƙarshen shekara, don ita ce mai baki. Bana cikinta ya tsufa, ta ce iyakarta ta kawo 'ya'yanta mata uku hutu, ba za ta taka kasuwa ba. Sai Mama ta miƙo mini ambulan.

"Abin da ke ciki shi ke nan," in ji ta. "Kada ki dawo ki ce mini bai isa ba."

Na samu bayan wata takarda ta shagon gugar da nake aiki, na rubuta abin da ya zama dole: shinkafa, mai, sabulu, labulen falo tunda na da ya yage, sai takalman yaran uku da Mama ta yi musu alkawari tun bara. Na manna takardar a jikin firji. Kuskurena na farko ke nan. Matar wana ta ƙara kofunan gilashi. Wana ya sa batir. Kawu, ƙanen Mama, wanda ya zo kwana uku ya shiga wata na biyar, ya rubuta hula da manyan baƙaƙe, ya ja layi biyu a ƙasa.

"Baƙi su zo su same ni da wannan?" ya ce, yana juya tsohuwar a yatsa.

Na soke labule. Na soke ɗankunnen da na rubuta wa kaina can ƙasa da ƙaramin rubutu.

Yaya ta riga ta aiko da awon ƙafar yaran: tsinken tsintsiya uku a ɗaure da zare, kowanne daidai tsawon ƙafar yarinya ɗaya. Haka muke yi in mai ƙafar ba ta kusa. A zura tsinken cikin takalmi, in ya kwanta daidai, shi ne nata.

Ranar da zan tafi Kawu ya ce sai ya raka ni, wai kada a cuce ni. A tasha ya sayi gasasshen nama ya cinye shi kaɗai. A mota shi ya samu kujera, ni ina tsaye, sai na ba shi jakata ya riƙe, tsinkayen na ciki. A kasuwa ya gwada hula ta fi goma, yana tambayar mai shago ko ta fito da goshinsa. Ina biyan kuɗi ya ce gwiwarsa ta motsa, ya tafi gida ya bar ni da kaya, har da hular a ledarta.

Shago huɗu na shiga kafin in samu takalman da kuɗina zai kai. Mai takalmi ya zura tsinkayen ɗaya bayan ɗaya.

"Na ragi ne, 'yan mata," ya ce. "In ya fita, ya fita."

Na gyaɗa kai. Da abin da ya saura na hau mota.

Da yamma su Yaya suka iso. Auta ta zura nata ta hau zagaye falo. Na ta tsakiya ma ya zauna. Babbar, mai shekara tara, ta tura ƙafa, ta sake turawa, dunduniya na waje. Ta naɗe yatsunta ta miƙe tsaye.

"Ya yi mini, Anti," ta ce. "Ya yi." Idonta ya cika da hawaye.

"Wai ke tsinken ma sai an koya miki?" Yaya ta ce da ni. "Shi ya sa ba na son a aike ki. Ko kwali aka naɗe miki sai ki ce na gode."

Na ciro tsinken na shimfiɗa a gefen ƙafar yarinyar. Ya gaza da kusan gaɓar yatsa.

"Ba haka na aiko shi ba," in ji Yaya. "Da reza na yanke su."

Na duba. Biyun bakinsu sumul, na ukun a tsage.

Kawu ya rage muryar rediyonsa ya leƙo. "Au, ashe na awo ne? Nama ne ya maƙale mini a mota. Ɗan kaɗan na karya. Ai mafi tsayin na zaɓa don kada a yi asara."

Mama ta dubi ƙanenta, ta dubi labulen da ya yage.

"To, ta tsakiya za ta girma ta sa," ta ce.

"Ita babbar kuma fa?" in ji Yaya.

Kowa ya san ambulan ɗin ba komai ciki.

"A jiƙa shi da ruwa, zai buɗe," in ji Kawu.

"Roba ce, Kawu," na ce.

"To a shafa mai. Ke 'yata, hular nan ki adana mini ita a ledarta, sai ranar da baƙi za su zo. Kada yaran nan su taɓa."

Yarinyar ta cire takalmin, ta goge ƙasansa da gefen rigarta, ta mayar cikin kwali da kyau. Ta je ta zauna tana kallon ƙannenta.

Ni ban taɓa mayar da kaya shago ba a rayuwata. Akwai tukunyar da na saya mai huji, har yau tana ƙarƙashin gadona.

Washegari da safe, kafin in wuce wurin aiki, na ɗauki ledar hular, na kama hannun yarinyar. A gaban mai hula sai da na maimaita sau biyu cewa hular na dawo da ita. Ya juya hular, ya ga takardarta na jiki, ya yi tsaki ya dawo mini da kuɗin. Wurin mai takalmi ita da kanta ta zura ƙafa, ta taka daga nan zuwa can, ta ƙi cirewa. Da kuɗin hular na biya, da canjin na sayi ƙunshin tsinken sakace, na jefa cikin ledar hular, na rataye ta a ƙofar ɗakin Kawu.